Zagaye Nawa Ya Kamata Ka Yi Kafin a Kunna Maka Agogon Tsere?

Bayan ƙaramar Sallah wasu samari uku suka same ni a shagon cajin waya da nake zama da yamma a Kazaure. Sun ji labarin ina rubuta manhaja. Abin da suke so ba shi da wuya a baki: manhajar Android da za ta yi amfani da GPS ta auna lokacin da mutum ya ɗauka daga wani wuri zuwa wani, sannan ta jera sunaye, wanda ya fi sauri a sama. Har sun zaɓi wurin, wani miƙaƙƙen yanki na titin da ya taso daga Dambatta. Ɗaya yana da tsohuwar Golf, ɗaya da motar gidansu yake fita idan mahaifinsa ya yi tafiya, na ukun kuma babur gare shi.

Na karɓi aikin, ba zan ɓoye ba. Kuɗin ba su da yawa, amma abin ya burge ni, kuma cikin mako biyu na haɗa wadda za a iya gwadawa. Ranar gwaji na zauna a gaban Golf ɗin riƙe da waya. Muna cikin gudu sai amalanken shanu ya ɓullo daga wata burtali zai tsallaka. Direban ya danne birki, ya murɗa sitiyari a lokaci guda, bayan motar ya zame, muka sauka daga kwalta muka tsaya a bakin wata gona da fasasshiyar taya. Allah Ya tsare, ba wanda ya ji ciwo, har shanun da yaron da ke kora su. Abin da ya hana ni barci a daren shi ne abin da ya faru daƙiƙa biyu kafin amalanken ya fito. Direban ya juyo yana kallon wayar da ke hannuna yana cewa, "Injiniya, nawa muke yanzu?"

Washegari na mayar musu da kuɗin da suka ba ni. Mai Golf ɗin bai ji daɗi ba, amma ya yi mini tambayar da ta sa na zauna na rubuta wannan. Ya ce, "To Injiniya, idan ba a titi ba, yaushe mutum ya isa ya shiga gasa ta gaske? Ni fa shekara huɗu ina tuƙi."

Amsata a taƙaice ita ce shekara huɗun nan ba ta shiga lissafi. Mutum zai iya shiga wata irin gasar agogo tun ranar farko, wata kuma sai ya yi kwanaki a filin tsere tare da mai koyarwa, kuma a kowane hali ba shi zai yanke wa kansa hukuncin cewa ya isa ba. Bari in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Tuƙin titi yana koya maka abubuwa masu amfani: kauce wa rami, karanta halin direban tirela, sanin cewa ɗan acaɓa zai iya juyawa ba sigina. Abu ɗaya ne ba ya koya maka, wato abin da mota ke yi idan taya ta kai ƙarshen riƙon da za ta iya yi wa ƙasa. Direba mai hankali yakan yi shekaru bai kai wannan iyakar ba, kuma haka ake so. Tsere kuwa a kan wannan iyakar ake yin sa daga farko har ƙarshe. Saboda haka mai shekara huɗu a titi da mai wata shida, idan ka kai su filin tsere, kusan aji ɗaya za su zauna. Wani lokacin ma mai wata shidan ya fi saurin koyo, domin bai riga ya yarda cewa shi gwani ba ne.

Ga lissafi ɗan kaɗan, wanda duk mai kalkuleta a waya zai iya maimaitawa. Gudun kilomita 100 a awa yana nufin kana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan ka ɗauki daƙiƙa ɗaya kafin ƙafarka ta kai birki, mita 28 sun tafi. A kan busasshiyar kwalta da taya mai kyau, birkin kansa zai ci wajen mita 56. Jimilla mita 84. Ka ƙara gudun zuwa 140, sai lissafin ya koma mita 39 kafin ka taka, da wajen mita 110 na birki, kusan mita 150 ke nan, tsawon filin ƙwallo ɗaya da kusan rabi. Dalili shi ne nisan birki ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Idan ka ninka gudu sau biyu, nisan birki sau huɗu yake ninkuwa. Kuma wannan a kan kwalta mai tsafta ne. Inda iska ta kwaso yashi ta zuba a gefen titi, kamar yadda muke gani a hanyar Babura lokacin hunturu, ko a kan burji irin na ƙauyukan Roni da Gwiwa, sai ka ƙara mai yawa a kai. Ribar duk wannan kasada a tafiyar kilomita 20 ita ce minti uku da rabi: minti 12 a gudun 100, minti takwas da rabi a gudun 140.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Duk gasar agogo a kan titin jama'a, ko da ƙarfe shida na safe aka yi ta, karya wannan doka ce tun kafin a tayar da mota. Wannan ɓangaren ba ni da wata doguwar muhawara a kansa.

Yadda masu abin suke yi

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara bibiyar dokokin ƙasashen da tsere ya kafu shi ne ba su cika tambayar shekara nawa ka yi kana tuƙi ba. Sun raba gasar gida-gida gwargwadon abin da zai faru idan ka yi kuskure.

A gida na farko akwai gasar da ake yi a fili mai faɗi, a jera robobi a zana hanya mai kwana-kwana, mota ɗaya ta shiga a lokaci guda, a auna lokacinta. Da wuya ka wuce giya ta biyu. Idan ka yi kuskure roba za ka buge, a ƙara maka daƙiƙa a lokacinka, a yi maka dariya. A Amurka ƙungiyar SCCA tana karɓar sabon shiga a irin wannan gasa da motar da yake zuwa aiki da ita, ba tare da ya taɓa taka filin tsere ba. A Ingila ma akwai makamanciyarta, kuma lasisin shigarta kyauta ne. Wato ga wannan gida, amsar "kwana nawa" ita ce sifili.

A gida na biyu, kai kaɗai ne da agogo amma a cikakken filin tsere, inda gudu ke wuce 150 kuma akwai katanga. A nan ƙungiyoyi da yawa a Amurka suna bi da mutum mataki-mataki. Ranakun farko malami na zaune a gefenka, ba a ɗaukar lokaci, kuma ba ka wuce kowa sai ya ba ka hannu. Sai malami ya gamsu za a ɗaga ka zuwa rukuni na gaba, kuma sai ka kai rukunin ƙarshe za a bar ka ka shiga gasar agogo.

Gida na uku shi ne wanda muke gani a talabijin, motoci da yawa suna gogayya a kwana ɗaya. A Ingila sai ka ci jarrabawar rubutu da ta tuƙi kafin a ba ka lasisi, sannan a manna maka alama a bayan mota, baƙin gicciye a kan rawaya, domin na bayanka ya san sabon shiga ne a gabansa. Ba za ka cire ta ba sai ka kammala tsere shida an sa maka hannu.

Wanda yake ganin wannan wulaƙanci ne ga gwani, ya dubi abin da ya faru da Max Verstappen a watan Satumba na 2025. Mutumin da ya ci kambun Formula 1 sau huɗu a jere, daga 2021 zuwa 2024, ya so ya yi tsere a Nürburgring ta Jamus, wadda zagaye ɗaya nata ya haura kilomita 20. Dokar wurin ta ce sai da izini na musamman. Ya zauna a aji, ya rubuta jarrabawa, aka ba shi Porsche Cayman da aka rage wa ƙarfi ya yi tsere da ita kamar kowane sabon shiga. Bayan mako biyu ya dawo da Ferrari 296 ya cinye tseren. Ba wanda ya yi shakkar zai iya. Masu filin sun dage ne a kan cewa sanin wani fili daban, sanin nasu daban. Shi kuma bai ce ya fi ƙarfin aji ba.

Shi wannan Verstappen ɗin tun yana ɗan shekara huɗu yake tuƙa ƙananan motocin tsere na yara, kuma yana da 17 ya shiga Formula 1 a 2015. Bayan shigarsa ne hukumar FIA ta tsaurara sharuɗɗan babban lasisi: maki 40 da za ka tara a ƙananan gasa cikin shekara uku, da kilomita 300 a cikin motar Formula 1 kafin a bar ka ka jera da sauran. Lewis Hamilton yana da takwas ya fara, bai kai Formula 1 ba sai 2007, yana da 22.

Akwai wani tsohon labari da ya fi kusa da mu. Gasar Paris zuwa Dakar, wadda aka fara a ƙarshen Disambar 1978, ta sha ratsa Agadas da hamadar Tenere a Nijar kafin a ɗauke ta daga Afirka bayan soke ta 2008. A watan Janairun 1982 Mark Thatcher, ɗan firaministar Birtaniya ta lokacin, ya shiga gasar a cikin Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna a wancan lokacin. Ya taɓa yin tseren Le Mans, saboda haka ba baƙon gudu ba ne. Sai da ya yi kwana shida a ɓace a Sahara shi da abokan tafiyarsa biyu kafin jirgin sojan Aljeriya ya hango su. Ƙwarewar kwalta ba ta bi shi cikin rairayi ba.

Mu ma mun san wannan tsari, a wajen doki. Ba wanda yake ɗauko yaro don ya iya zama a kan sirdi ya saka shi cikin jahi ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Kazaure. Yakan fara da yankan ciyawa da wanka da kilisa, kuma akwai babba a barga da zai dube shi wata rana ya ce yanzu ka isa. Da mota da babur ne kawai muka yarda kowa ya ba kansa shaida.

Wasan waya yana shiga lissafi?

Na san da yawa daga masu karanta wannan shafi za su ce sun yi ɗaruruwan awoyi a Asphalt ko CarX Drift Racing. Ni ma na yi. Asphalt ba ya koya maka komai game da mota, wasan nishaɗi ne kawai, inda za ka daki katanga da gudun 300 ka ci gaba. Masu kwaikwayon tuƙi na gaske irin su Assetto Corsa da iRacing a kwamfuta, ko Gran Turismo a PlayStation, idan ka haɗa su da sitiyari da feda irin Logitech G29, su kam suna koyarwa. Za ka koyi inda ake taka birki kafin kwana, da layin da ake bi a cikinta, da dalilin da ya sa wanda ya shiga kwana a hankali ya fita da ƙarfi yake riga wanda ya faɗa mata da gudu.

Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce Jann Mardenborough, wanda aka yi fim ɗin Gran Turismo na 2023 a kan rayuwarsa. A 2011 ya doke mutum kusan 90,000 a gasar GT Academy ta Nissan da PlayStation, kuma a 2013 ya zo na uku a rukuninsa a Le Mans. Gaskiya ne. Abin da ake tsallakewa idan ana ba da labarin shi ne tsakanin kujerar ɗakinsa da babbar gasarsa ta farko a Dubai, sai da Nissan ta yi watanni tana horar da shi a mota ta gaske, yana shiga ƙananan tsere a Ingila yana tara sa hannun da lasisi ke buƙata. Kuma a watan Maris na 2015, yana ƙwararre, motarsa ta tashi sama a Nürburgring ta faɗa wajen 'yan kallo, mutum ɗaya ya rasu. Wasa ba ya sa ka ji nauyin jikinka yana tafiya gefe, ba ya sa ka ji warin birki, kuma yana da maɓallin sake farawa.

Duk da haka akwai abin da iRacing ya yi da nake ganin ya fi kowa amsa tambayar mai Golf. Kowa da lasisin sabon shiga yake farawa. Abin da ke ɗaga ka zuwa aji na gaba shi ne makin tsafta, saurinka ba ya cikin lissafin. Manhajar tana ƙirga kwana nawa ka sha, tana kuma ƙirga kurakuranka: ka sauka daga hanya maki ɗaya, mota ta juya da kai biyu, ka daki wani da ƙarfi huɗu. Wanda ya zo na goma ba kuskure yana gaba da wanda ya zo na ɗaya bayan ya buge mutum biyu. A matsayina na mai rubuta manhaja wannan ya koya mini abin da ban yi tunani ba lokacin da na karɓi aikin samarin nan. Abin da ka zaɓa ka auna ka nuna a allo, shi mutane za su bi.

Kamfanoni manya sun koyi wannan da tsada. Snapchat yana da wata tacewa da ke nuna gudun da kake yi a kan hotonka. A 2017 wasu matasa uku suka rasu a jihar Wisconsin ta Amurka, bayan ɗayansu ya ɗauki gudun mil 123 a awa da ita, kusan kilomita 198. Iyaye suka kai ƙara, kuma a 2021 kamfanin ya cire tacewar. Strava, manhajar masu keke da gudu, ita ma an taɓa kai ta kotu bayan wani mai keke ya rasu a 2010 a California yana ƙoƙarin ƙwato matsayinsa na farko a wata gangara. Kotu ta kori wannan ƙarar, amma mutumin bai dawo ba. Abin da na gina wa samarin Kazaure ɗan'uwan waɗannan ne, sai dai ni ba ni da lauya.

Akwai kuma abin dariya a ciki. GPS na yawancin wayoyinmu sau ɗaya yake sabunta wuri a daƙiƙa. A gudun 100, tsakanin aya ɗaya da ta gaba akwai mita 28 da wayar ba ta gani ba, cike gurbin take yi da ƙiyasi. Ka ƙara da kuskuren 'yan mitoci da GPS ke yi ko da kana tsaye. Shi ya sa masu amfani da RaceChrono ko Harry's LapTimer da gaske suke sayen ƙaramar na'urar GPS ta daban da ke sabuntawa sau 10 zuwa 25 a daƙiƙa, su haɗa ta da waya ta Bluetooth. Idan abokinka ya ce ya riga ka da rabin daƙiƙa bisa shaidar Tecno ɗinsa, mai yiwuwa tauraron ɗan'adam ne ya yi masa alfarma. A kan irin wannan rabin daƙiƙar muka kusa hallaka yaro da shanunsa.

To, nawa ne adadin?

Ga ra'ayina, kuma ra'ayi ne. Gasar robobi a fili killatacce, inda gudu ba ya wuce 50 ko 60, duk mai lasisin tuƙi da ya iya sarrafa kuloci da birki ya shiga yau. Jira ba ya ƙara masa komai, domin a can ne zai fara jin yadda taya ke zamewa a inda zamewar ba ta kashe kowa. Gasar agogo a cikakken filin tsere kuwa, ba zan ba ƙanina shawarar shiga ba sai ya yi aƙalla cikakkun kwanaki biyar ko shida a filin, mafi yawansu da malami a gefe. Amma ko wannan adadin ban riƙe shi da ƙarfi ba. Wani zai yi kwana goma yana maimaita kuskure ɗaya.

Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne daidaito. Yi zagaye goma a jere. Kada ka dubi wanda ya fi sauri, dubi tazarar da ke tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri. Idan zagayen yana cin kamar minti ɗaya, kuma duka goman sun faɗa cikin daƙiƙa ɗaya da juna, ba ka buge roba ba, taya ba ta sauka daga hanya ba, to kai ke tuƙa motar. Idan ɗaya 58 ne, na gaba 66, na bayansa ka juya, to wancan 58 ɗin sa'a ce, kuma agogon gasa zai tura ka neman sa'ar a kowane zagaye. Bayan daidaito sai in tambaye ka ko kana ganin abin da ke wajen gilashinka. Sabon shiga bonet ɗinsa kawai yake kallo. Idan aka ɗaga maka tuta rawaya, wadda ke nufin akwai haɗari a gaba ka rage gudu kada ka wuce kowa, ko ja, wadda ke nufin an tsayar da komai, ka gan ta? Da yawa sukan wuce tuta su rantse ba a ɗaga ba. Na ƙarshe, wani wanda ya fi ka sani, wanda kuma ba abokin hirarka ba ne, ya zauna a gefenka ya ce ka isa.

Ita ma motar tana da nata shirin, kuma a nan ne muka fi rauni. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2316, an yi tayar a mako na 23 na 2016. Je ka duba tayoyin gwanjon da ke ƙarƙashin motarka yanzu, ka dawo mu yi magana. Na duba ta Golf ɗin da ta fashe, ta haura shekara goma. Man birki kuma yana shan danshi daga iska. Sabon DOT 4 sai ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a 155. Birki mai ƙarfi sau da yawa a jere, a zafin watan Afrilu na Jigawa, zai iya kai shi can, kuma idan ya tafasa feda za ta nutse har ƙasa ba abin da zai kama. Tambayi kanka yaushe rabon da bakanike ya zubar da naka gaba ɗaya ya sa sabo, ba ciko ba.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi a kan duk abin da na faɗa, kuma mai Golf ya yi shi. Ya ce wannan tsarin masu fili ne. Mu ina namu? Gaskiyarsa. Filin tseren da aka gina don wannan aiki da ake ambata a Najeriya yana Evbuobanosa a Jihar Edo. Bikin motoci na Fanfaro a Ibadan ake yi. Masu wasan zamiya da tsofaffin BMW sun fi yawa a Abuja, kodayake 'yan Arewa ne da dama daga cikinsu. Ƙungiyar ATCN ce ke wakiltar FIA a ƙasar nan, kuma yaron Gwiwa bai taɓa jin sunanta ba. Idan aka ce sai ka yi kwana shida a filin tsere, kamar an ce masa kada ya taɓa farawa ne, shi kuma zai fara, a titi, ranar kai amarya, da mutane a gefe suna ɗauka a waya don TikTok.

Ban yarda cewa rashin fili ya halatta titi ba, amma na yarda cewa wa'azi kaɗai ba zai hana ba. Abin da ya sa na dage a kan gida na farko ke nan. Shi ba ya buƙatar kwalta ta biliyoyi. Yana buƙatar fili shimfiɗaɗɗe wanda mai shi ya ba da izini, da sanin hukuma da 'yan sanda, da tsofaffin jarkoki ashirin ko talatin, da igiya da za ta tsayar da 'yan kallo nesa, can bayan inda mota za ta iya zamewa ta kai. Mota ɗaya a lokaci guda, bel a ɗaure, hular kwano a kai, ba fasinja sai mai koyarwa. A zana hanyar yadda ba inda za a miƙe a ƙure maleji. Fili kuwa ba shi muka rasa ba daga Kazaure har Babura (garin nake nufi, kodayake masu baburan ma tsarin zai karɓe su). Muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ta Hussaini Adamu a nan Kazaure, cike da ɗaliban injiniyanci da za su iya haɗa na'urar auna lokaci da Arduino da ƙwayar haske a kan kuɗi kaɗan, wadda za ta fi GPS na waya daidai nesa ba kusa ba.

Wani zai ce agogon ai shi ke koyarwa, in ba ka auna ba yaya za ka san ka ci gaba? Haka ne, ni ma ban ce a jefar da shi ba. Inda ake ajiye shi ne matsalar. A yawancin ranakun koyo a filayen tsere ba a yarda direba ya riƙa kallon lokaci yana tuƙi ba. A bar na'ura ta ɗauka, in ka fito ka huce ka duba.

Na koma kan manhajar a makon jiya, na cire allon sunaye gaba ɗaya. Yanzu da zarar mota ta motsa fuskar wayar takan yi baƙi, ba ta nuna komai sai an tsaya. Idan gudu ya haura 60 takan watsar da zagayen. Lambar da take nunawa da manyan baƙi a ƙarshe ita ce tazarar da ke tsakanin zagayenka goma, mafi saurin kuma yana can ƙasa da ƙananan rubutu. Mai babur ɗin ya ce wannan manhajar tsofaffi ce. Mai Golf ya sayi tayoyi biyu, ya ce sauran biyun sai ƙarshen wata, kuma yana neman wanda zai raka shi wajen mai unguwa a kan maganar fili.